Daga Gurmi Zuwa Banjo: Yadda Karin Waƙa Ke Ƙetare Teku

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



Mai girma shugaban taro, malamanmu kuma iyayenmu waɗanda Allah ya ja kwanansu har suka zauna tare da mu yau, shugabannin wannan ƙungiya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukansu, mun san halin da hanya take ciki, Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni ne da jawabi bana, ya ce in zaɓi duk abin da na ga dama in dai ba siyasa ba ce. Sai na zaɓi waƙa. Na san cikin abokan wasana akwai masu cewa tsufa ya fara taɓa ni, ga matsaloli jibge a ƙasa mutum ya tashi yana zancen kiɗa. Ina roƙon a yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin akwai bukatar da na zo da ita, kuma ba za a gane ta ba sai an ji labarin.

Kafin in shiga, bari in fayyace kalma ɗaya. Idan na ce kari, ina nufin hawa da saukar murya da takun da waƙa ke tafiya a kai, wato abin da ke saura idan an cire kalmomi, wanda mutum zai iya yi da fito ko da gunguni. Kalmomi suna tsayawa inda harshensu ya tsaya. Kari kuwa ba ya bukatar tafinta, shi ya sa yake da saurin tafiya.

Gurmin Nasara

'Yan ajinmu za su tuna malamin nan Ba'amurke da ya koya mana Turanci. Yana cikin samarin 'yan sa kai na Peace Corps, ƙungiyar da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, wadda ta turo malamai da yawa makarantun Nijeriya a shekarun 1960. Ranar Asabar da yamma yakan fito gindin bishiyar da ke gaban ɗakin cin abinci da wani abin kiɗa mai zagayayyen ciki, an ɗame shi da fata, ga dogon wuya da tsirkiya biyar. Shi yana kiransa banjo, mu kuwa muka raɗa masa suna gurmin Nasara. Ran da ya ji sunan ya tambayi ma'anarsa, aka gaya masa. Maimakon ya yi fushi sai ya ce ba mu yi nisa da gaskiya ba, domin asalin abin daga wajenmu yake. Muka ɗauka kara ce kawai irin ta baƙo.

A gindin bishiyar nan muka koyi waƙar Clementine da ta Susanna da ta John Brown. Duk a wurinmu waƙoƙin Turawa ne, ba mu bambanta na Ingila da na Amurka. Sai da na girma, na yi shekaru ina koyarwa, na samu sukunin karance-karance, sannan na gane cewa malamin nan gaskiya ya faɗa mana.

Tafiyar farko

A tsawon shekarun cinikin bayi ta tekun Atlantika, an loda mutanen Afirka kimanin miliyan 12.5 a jiragen ruwa. Mafi yawansu Brazil da tsibiran Karibiyan aka kai su. Waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai 400,000 ba. Ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da abin da ke cikin kansu, har da sanin yadda ake fafe duma, a rufe shi da fata, a ratsa sanda, a ɗaura tsirkiya.

Wani likita mai suna Hans Sloane ya je Jamaika a 1687, ya ga bayi suna kaɗa irin wannan abu, ya sa hotonsa a littafin da ya buga a 1707. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a littafinsa kan jihar Virginia cewa baƙar fata ne suka zo da wannan abin kiɗa daga Afirka. Masu bincike na zamaninmu sun bi sawu har Afirka ta Yamma. Wanda ya fi kama da banjon farko shi ne akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, amma cikin dangin da suke lissafawa akwai gurmi da molo da garaya, waɗanda kowa a nan ya sani. Duk wanda ya taɓa jin Haruna Uji yana kaɗa gurmi, in aka sa masa faifan tsohon makaɗin banjo, zai ji jini ɗaya ne.

Ba a kayan kiɗan kaɗai maganar ta tsaya ba. Bayan wani boren bayi da aka yi a Carolina ta Kudu a 1739, hukuma ta yi doka a 1740 ta hana bayi mallakar ganguna, don tsoron kada su riƙa aika wa juna saƙo da su. Ganga ta yi shiru, amma mai tsirkiya ya ci gaba da sana'arsa, domin ba a jin tsoron abin da ake kaɗawa a zaune cikin bukka. Saboda haka wasu masana, irin su Paul Oliver na Ingila a littafinsa na 1970, da Gerhard Kubik na Ostiriya a nasa na 1999, suka ce tushen kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake kira blues ya fi kusa da ƙasashenmu na sarari, inda goge da molo suke, fiye da ƙasashen kurmi masu manyan ganguna. Kubik har ya ɗauki muryar wani Bahaushe mai goge a ƙasar Kamaru a 1964, ya jera ta da ta wani makaɗin jihar Mississippi mai suna Big Joe Williams, ya nuna yadda jan murya da lanƙwasa ta suka yi kama.

Tafiya ta biyu

A Amurka, kiɗan bayi ya haɗu da na talakawan Turawa da suka zo daga Ingila da Sikotilan da Ailan, masu gogen Turawa da dogayen waƙoƙin labari. Daga wannan cuɗanya aka samu abin da ake kira tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Amurka. Sai dai hanyar da suka fara bi suka fita duniya ba mai daɗin ji ba ce. Wasu Turawa ne suka riƙa shafa baƙi a fuska, su ɗauki banjo, su hau dandamali suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Ƙungiyar farko da ta yi suna a wannan wasa ta fito a New York a 1843, kuma a shekarar ta ƙetara Ingila. Waƙar Susanna da muka koya, wadda Stephen Foster ya yi aka buga a 1848, don irin wannan dandamali aka yi ta. Masu neman zinari suka tafi da ita California a 1849, matuƙan jirgin ruwa suka ɗauke ta daga can. Ko a 1854, da jiragen yaƙin Amurka suka je Japan, irin wasan nan ma'aikatan jirgin suka yi wa manyan Japan don nishaɗi.

Wasan wulaƙancin ya mutu, Allah ya raka taki gona. Amma karin da abin kiɗan sun zauna a inda suka sauka. A Ailan, yau banjo yana cikin kayan kiɗan gargajiya, ana kaɗa shi a bikin ƙauye kamar da shi aka halicci ƙasar. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, a farkon watan Janairu na kowace shekara jikokin bayin garin suna fitowa tituna da laima da banjo, bikin da ya ɗauki kamanninsa daga wasan da Amurkawa suka kawo. Turawan Afirka ta Kudu kuma suna da wata waƙa, Sarie Marais, da suke ji da ita kamar taken kakanninsu, alhali karinta daga wata waƙar Amurka ta zamanin yaƙin basasarsu aka aro shi.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa daga Kenya yake. Akwai wani mawaƙin Amurka, Jimmie Rodgers, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu a 1933, yana da wata irin karya murya mai kama da guɗa. Faya-fayan garmahonsa suka isa ƙasar mutanen Kipsigis, makiyaya ne manoma. A 1950 wani mai tattara waƙoƙi, Hugh Tracey, ya isa wani gari nasu mai suna Kapkatet, ya tarar da 'yan mata suna waƙar wani halitta wai shi Chemirocha, da harshensu da abin kiɗansu. Chemirocha ɗin nan ba kowa ba ne illa Jimmie Rodgers, bakinsu ya mayar da sunan nasu. Ku riƙe wannan labari, zan dawo kansa.

Ƙofofin da suka shigo mana

Baƙon kari ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, kuma cikin kyautar da ya miƙa har da ɗan akwatin kiɗa irin wanda ake wanawa ya yi ta kaɗa kansa. Ke nan fadar Wurno ta ji karin Turawa shekara 50 kafin zuwan sojojin Lugga Sakkwato a 1903. Amma akwati ba ya koya wa kowa waƙa. Sai da aka samu bakin mutum sannan kari ya samu wurin zama, kuma bakunan ta ƙofa huɗu suka shigo.

Ƙofa ta farko ita ce ta 'yan mishan. Ƙungiyar SIM, wadda mutanen Kanada da Amurka suka fara a 1893, ta yi aiki a ƙasar Hausa, tana da wurin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da asibiti a Galmi ta ƙasar Nijar. Waƙoƙin cocin da aka juya zuwa Hausa, da yawansu karinsu na Amurka ne. Har yau duk wanda ya wuce ta gefen coci a Sakkwato ko Maraɗi ranar Lahadi zai ji kalmomin Hausa bisa karin da aka yi a ƙarni na 19 a can ƙetare, an haɗa masa ganga da tafi da caki, ya zama na gida.

Ƙofa ta biyu ita ce tamu, wato makaranta, kuma a nan waƙar John Brown ta cancanci a tsaya a kanta. Shi John Brown Bature ne mai ƙin bauta. A 1859 ya kai hari kan wata ma'ajiyar makamai don ya raba wa bayi bindigogi, aka kama shi aka rataye. Karin da aka yi masa waƙa da shi ya girme shi a bakin mutane, domin na waƙar taron wa'azin Kirista ne da ake yi a fili. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, sojojin Arewa suka ɗora kalmomin John Brown a kai suna maci. Wata mace, Julia Ward Howe, ta sake masa wasu kalmomi aka buga a 1862. A 1915 kuma wani ɗan ƙwadago, Ralph Chaplin, ya sake ɗora masa nasa, aka samu waƙar Solidarity. Ita ce wadda kuke ji a bakin 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya da malaman jami'a da ɗalibai duk ran da aka shiga yajin aiki. Da yawa a cikinmu mun rera ta a bakin sakateriya muna neman haƙƙinmu, ba mu san da karin da muka koya gindin bishiya muke yi ba.

Akwai wani abu da zai ba ku mamaki. A cikin rundunar Arewa ta wancan yaƙi akwai mutumin Borno. Sunansa Muhammadu Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa, wanda aka kama yana yaro aka sayar, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus, ya zauna Istambul da Rasha, ya isa Amurka da sunan Nicholas Said. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta baƙar fata, kuma ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Wato ɗan ƙasar nan ya yi maci a sojan da ke rera wannan kari shekara ɗari kafin ya iso ajinmu.

Ƙofa ta uku ita ce sinima, kuma ta nan abin ya biyo doguwar hanya. Waƙar Clementine, wadda aka buga a 1884, ta je Indiya. A fim ɗin C.I.D. na 1956, mai tsara kiɗa O. P. Nayyar ya ɗora waƙar birnin Bombay a kan karinta, Mohammed Rafi da Geeta Dutt suka rera. Indiyawa da yawa sun tashi suna ɗauka tasu ce tun fil azal. To, finafinan Indiya su ne suka cika gidajen sinima na Arewa tun daga shekarun 1960, kuma daga cikinsu makaɗanmu suka yi ta ɗiba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya ya mayar da shi kan goge. A Kano kuma aka samu masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗora begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bisa karin finafinan. Idan kari ya ratsa ƙasa uku kafin ya iso, mai rera shi ba ya sanin inda aka haife shi.

Ƙofa ta huɗu rediyo ce da kaset. Tsararmu ba sai an tuna musu da Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton ba. Direban babbar mota da ke ɗaukar albasa da tafarnuwa daga Wurno zuwa Kudu, ko da bai san kalma ɗaya ta Turanci ba, yana iya raba dare da kaset ɗin Don Williams. Kiɗan nasu jikan wancan tsohon kiɗan ƙauye ne na banjo da goge.

Me ke sa kari ya kama ƙasa?

Zan ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu. Hutun farko da na koma gida, ina ta fito da karin Clementine don a san na shiga sakandare. Kakata ta saurara ta ce, "Wagga waƙa taku ba ta da amshi? Mutum guda za shi yi ta shi kaɗai kamar mai kukan mutuwa?" Ƙanwata kuwa ba ta ce komai ba. Kwana uku sai na ji ta a dandali da ƙawayenta sun ɗauki karin, sun datse shi biyu, rabi na mai bayarwa rabi na masu amshi, sun sa tafi, sun cika shi da kalmomin tsokanata, ni ɗan boko mai gajeren wando. Da na dawo hutu na gaba, 'yan matan wata unguwa ma suna yi, kuma babu wadda ta san daga bakina ya fito.

Abin da ƙanwata ta yi cikin kwana uku shi ne abin da 'yan matan Kipsigis suka yi, shi ne kuma abin da Indiyawa suka yi. Baƙon kari ba ya zama sai an yi masa kaciya irin ta gida. A wurinmu sai ya samu gindi da ɗiya, sai an raba shi tsakanin jagora da 'yan amshi, sai kuma ya yarda da nauyin gaɓoɓin Hausa, domin mai nauyi da mai sauƙi ba su zama a gurbi ɗaya. Abin da ya sa na Amurka suka fi sauran na Turai saurin shiga kunnenmu shi ne, da yawansu a kan muryoyi biyar aka gina su kamar yawancin namu, kuma bayarwa da amshi na cikin jininsu tun daga gonakin bayi.

Malamanmu na addini ma sun san wannan dabara tun da daɗewa. Aliyu Namangi na Zariya ya gina Imfiraji a kan karin kiɗan caji, don mutane su bar waccan su kama wannan. Waƙoƙin Nana Asma'u, da baki jajis suka kai su ƙauyuka wurin 'yan taru, domin abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a zuciya.

Amma akwai ɗakin da baƙo bai cika shiga ba, shi ne kiɗan fada. Ku saurari Ibrahim Narambaɗa, ko Salihu Jankiɗi, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Sa'idu Faru. Kotso da taushi magana suke yi, take da kirarin ubangida suke faɗa, kuma sana'ar gado ce, yaro yana tashi cikin amshi shekara da shekaru kafin a ba shi jagora. Haka kiɗan maza irin na Ɗan Anace, wanda mutanen Gandi ba sai an ba su labarinsa ba. Masu goge da kukuma da 'yan matan dandali su ne masu buɗaɗɗiyar ƙofa. Kowanne da amfaninsa: wani ya tsare mana tsohon iri, wani ya gwada sabo.

Bukatar da na zo da ita

Tambayar da ta dame ni ita ce, ta yaya na san duk wannan tarihi na waƙoƙin mutanen da ban taɓa zuwa ƙasarsu ba? Amsa ita ce sun adana. Babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya buɗe sashen tattara waƙoƙin gargajiya a 1928. John Lomax da ɗansa Alan suka ɗora na'urar ɗaukar murya mai nauyin gaske a bayan mota, suka bi gonaki da coci-coci da gidajen yari suna ɗaukar muryar talakawa. A gidan yarin jihar Louisiana suka samu mawaƙin nan Lead Belly a 1933. Shi kuma Hugh Tracey ya kafa ma'adanar kiɗan Afirka a 1954, tana nan a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu. Saboda wannan ajiya, a 2014 ma'aikatan wurin suka koma ƙasar Kipsigis da muryoyin 1950, jikoki suka zauna suka ji kakanninsu suna waƙa.

Rashin rubuta sunan mai abu kuma yana da nasa hasara. Wani Bazule, Solomon Linda, ya yi waƙar Mbube a 1939. Ta ƙetara Amurka, aka sake mata suna, ta tara dukiya mai yawa a hannun wasu. Shi ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 iyalinsa suka samu a daidaita da su.

Yanzu mu dubi gida. Manyan makaɗan fada sun samu gata daidai gwargwado, gidajen rediyo sun ɗauke su, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da wasu sun rubuta tarihinsu. Amma ina waƙar niƙa? Injin niƙa ya zo, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙar ta bi shi. Ina waƙar daɓe, tunda siminti ya shigo? Ina kiɗan gayya a fadamar Wurno, da waƙoƙin masunta na gulbin Rima, da na raino, da na gaɗa waɗanda waya ta raba 'yan mata da su? Waɗanda suka san su tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi.

Sannan ga abin da ya fi injin niƙa muni. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, da na kasuwar Goronyo a 2021, da sauran da ba su ƙirguwa, ƙauyuka da dama sun watse. Rai da dukiya su ne babbar hasara, ba mai musun wannan. Amma idan gari ya tashi, dandalinsa ma ya tashi. Tsohuwar da ke zaune yau a gidan wani a cikin birni, wadda ta san waƙoƙin auren garinsu tun daga kamu har zuwa budar kai, ba ta da wanda za ta koya wa, domin 'yan matan garin sun warwatsu. Ran da ta rasu, shi ke nan.

Saboda haka nake roƙon wannan ƙungiya abu uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, kowane ɗayanmu yana da waya a aljihu wadda ta fi na'urar su Lomax kyau nesa ba kusa ba. Kafin taron baɗi, kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya daga garinsu, da izininsu, ya ɗauki abin da suka sani. Na biyu, a rubuta sunan mai waƙa da garinsa da ranar ɗauka da lokacin da ake yin waƙar, da kuma wurin wanda ya koya, don kada a maimaita abin da ya sami Solomon Linda. Kada a manta da ɗan goro, domin ilimi ne suka ba mu. Na uku, ƙungiya ta naɗa mutum uku, ɗaya daga Wurno, ɗaya daga Rabah, ɗaya daga Goronyo, su tattara abin da aka samu, a kai kwafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu, a bar kwafi ɗaya a ɗakin karatun makarantarmu.

Na san akwai 'yan'uwa da ke da ra'ayi kan kiɗa ta fuskar addini, kuma ina girmama ra'ayinsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ganga ba, ga waƙoƙin wa'azi da na ƙa'idojin ibada da tsofaffin mata ke rerawa ba kiɗa, ga waƙoƙin raino, ga karin da almajirai ke bita da shi. Su ma ɓacewa suke yi, kuma aikin ya ishi kowa.

Kammalawa

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Malamin nan namu ya zo mana da gurminmu bayan ya yi shekaru ɗaruruwa a baƙunta, muka kasa gane shi, muka ce na Nasara ne. Ba na so jikokinmu su je wata ƙasa neman muryar kakanninsu, ko su nema su rasa gaba ɗaya. Ni dai na fara: makon jiya na zauna da ƙanwar tawa, yanzu ita ma da jikokinta, ta rera mini goma sha ɗaya, har da waccan ta gajeren wando, wadda ta rantse ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Malamanmu, mun gode da tarbiyya, Allah ya saka muku da Aljanna. Inda na yi kuskure a gyara mini, ɗalibinku nake har gobe. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya mayar da kowa garinsu, ya nuna mana taron baɗi.